Waƙar Da Alto Take Yi Mini

Shafi na 19

'Yar'uwar da ta rubuto cewa in ban ci gaba ba za ta kai ƙarata wurin Fasto, ki bi layi, akwai mutane a gabanki.

Ku kuma sababbin shigowa, ga shi a dunƙule. Ni ne kwaya-masta na cocinmu, wato shugaban mawaƙa. Kwaya na ce, ba ƙwaya ba, ko da yake surukina ya ce duk illarsu ɗaya ce. Aikina in ɗauko Zabura in ɗinka mata sabuwar murya, da jita da ganga, yadda matasa za su rera ba su yi hamma ba. Matata, wadda kowa ke kira Alto saboda layin muryar da take riƙewa a kwaya, ɓarin jikinta ya shanye. Magana ta tafi, waƙa ta zauna. Likita ya ce magana da waƙa ba ɗaki ɗaya suke kwana a cikin kai ba, wuta ta ci ɗaya ta bar ɗaya.

Mu koma inda muka tsaya.

* * *

Asabar da hantsi ina falo ina ninke bargon da nake rufa a doguwar kujera, sai na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Ba sai na leƙa ba. Mota ɗaya ce a duniya da take ci gaba da tari bayan an kashe ta.

Yaya ne, wan Alto. Tsohon direban tirela, mutumin da ko "ina kwana" ya ce maka sai ka ji kamar ya danna maka hon.

Ya shigo bai yi sallama ba. Ya dubi bargon, ya dubi matashin kai, ya dube ni.

"Ashe gaskiya ne," ya ce.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya hanya?"

"Hanya lafiyarta ƙalau. A falo kake kwana?"

"Bayana ne ke ciwo. Kujerar nan tana da..."

"Mawaƙi."

Haka yake kirana tun ina saurayi. Ba yabo ba ne.

"Na'am, Yaya."

"Na zo ɗaukar ƙanwata."

Na yi dariya, irin wadda mutum ke yi idan ya taka ƙaya a gaban surukai.

"Ɗaukarta zuwa ina?"

"Zuwa inda ba za ta riƙa ganin fuskar da ke sa ta kuka ba."

Kafin in haɗa amsa, ƙofar ɗakin kwana ta buɗe. Auta ce, 'yarmu, wadda ta ajiye aikinta ta dawo gida jinyar uwarta. A hannunta akwai jakar Alto, baƙar nan da muke zuwa taron mawaƙa da ita. A cike take, har zif ɗin ya ƙi rufuwa.

Ba a cika jaka irin wannan tsakanin tsayuwar mota da shigowar baƙo.

"Auta?"

Ba ta ɗago ba.

"Ni na kira Kawu, Baba."

* * *

Dole in yi muku bayanin yaren gidanmu, in ba haka ba za ku ce duk mun zare.

Tun da Alto ta dawo daga asibiti, da Zabura take magana. Shekara da shekaru tana rera abin da na tsara, duk suna nan a kanta, ko aya ɗaya ba ta zube ba. In ƙishi take ji, sai ta ɗauko waƙar barewa mai marmarin ruwa. In ƙafar ta dame ta, waƙar "har yaushe". In ta tashi da daɗin rai, ta yabon safiya. Ranar da na shiga kicin da kaina na yi mata girki, loma ɗaya ta kai baki ta kama waƙar neman ceto da gaggawa. Auta ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ma na yi. Alto ma ta yi, da rabin bakin da ya rage mata.

Muka saba. Har na fara ganin gidajen da ake magana da baki su ne abin tausayi.

Sai maganar situdiyo ta taso. Ikilisiya ta ce a ɗauki waƙoƙin a faifai, dole kuma wata ta riƙe layin da Alto ke riƙewa. Na ba Malama, wata mai koyarwa a firamare da ke cikin kwaya. Da yake ba na son nisa da gida, na ce ta zo falo mu yi gwaji. Ta zo da rana tsaka, ƙofa a buɗe, Auta na shanya a tsakar gida. Ta yi kuskure a wata gaɓa, na kwaikwaye ta, muka yi dariya.

Daga cikin ɗaki sai muryar Alto ta taso.

Zabura ta hamsin da biyar ce, wadda na tsara tun Auta tana goye. Ga yadda na jera kalmomin, da hannuna, ba wanda ya aike ni:

Da maƙiyi ne, da na daure,
Da baƙo ne, da na kauce,
Amma kai ne, abokin tafiyata,
Kai da muke zuwa sujada tare.

Malama ta tattara takardunta ta fice, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Daga ranar, da zarar na sa ƙafa a ɗakin, sai ta kama waƙar nan. Idon Alto a kaina, ba ƙiftawa. In na matso ta damƙe rigata da hannun mai lafiya tana jijjigawa, tana rerawa, hawaye na zuba. Na durƙusa na rantse mata babu komai tsakanina da Malama, ta rera. Na dafa Littafi Mai Tsarki, ta rera. In na juya zan fita, ta ƙara ɗaga murya. Na ce to, tunda ganina ke ɗaga mata hankali, bari in rage shiga. Na rage. Daga ragewa na koma falo.

Matan coci masu zuwa dubiya suka ji da kunnensu. A cocinmu kuwa bishara ce kawai ke tafiya a hankali. Malama ta daina zuwa kwaya. Ranar Lahadi in na ɗaga hannu zan ba da murya, sai in ji idanu na sauka a ƙeyata kamar ƙudaje.

Satin nan Alto ta yi shiru gaba ɗaya. Ko barewa babu. Ta juya fuska bango.

* * *

"Ke kika kira shi," na ce wa Auta.

"Ba ta cin abinci, Baba. Ba ta waƙa. Kai kuma ba ka shiga. Ni kaɗai ce a tsakaninku kamar labule."

"Ai saboda ita na daina shiga."

"Na sani."

"To?"

"Na sani, amma ban san me ya sa take yi maka waƙar ba." Ta ɗago, idanunta sun yi ja. "Mama ba ta taɓa ɗaukar waƙar da ba ta dace ba. Ko sau ɗaya. Ruwa, ruwa ne. Ciwo, ciwo ne. Don me sai a kanka za ta yi kuskure?"

Wannan tambayar ita nake yi wa silin falo kullum. Amma jinta a bakin 'yar da na koya wa do-re-mi, wani abu ne daban.

"Kin yarda ke nan?"

"Ban ce na yarda ba."

"Ba ki kuma ce ba ki yarda ba."

Yaya ya gyara murya.

"Kada ka matsa wa yarinya. Da ni za ka yi magana. Wace ce Malama?"

"Yaya, don Allah dube ni da kyau. Dubi tumbin nan. Dubi kan nan da ko wanzami ya daina karɓar kuɗinsa. Wace mace ce za ta bar maza masu gashi ta..."

"Ƙanwata ma da idonta biyu ta aure ka. Mata ba su da tabbas a kan mawaƙa."

"Babu komai tsakanina da ita sai layin alto."

"Layin wa?"

"Layin... muryar ƙasa ta mata."

"Layin matarka dai. Tana kwance tana numfashi ka ɗauki wurinta ka ba wata, a falonta, a kan kujerarta, kuna ƙyaƙyata dariya."

"Aikin Ubangiji ne, Yaya."

"Ubangiji ya ce a yi a falo?"

Na sosa sanƙona. A gaskiya bai ce ba.

"Ni ba malamin Littafi ba ne," ya ci gaba. "Rabin wa'azin da na ji a rayuwata a rediyon mota na ji shi, yana yankewa. Amma mace ta dube ka ta ce kai ne, kai ne, ba sai an kira Fasto ya fassara ba."

"Fasto ya zo ai."

"Ya ce me?"

"Ya ce in binciki zuciyata."

"Ka bincika?"

"Na bincika. Ban sami komai ba sai hawan jini."

Auta ta kusa murmushi, ta haɗiye shi. Yaya bai ko motsa gashin baki ba. Ya miƙa hannu ya karɓi jakar.

"Je ki shirya ta. Ki sa mata rigar sanyi, gilashin bayan ba ya ɗaguwa."

"Yaya, matata ce fa."

"Kafin ta zama matarka ƙanwata ce. Ni na goya ta. Ni na ɗauke ta a kafaɗa ranar da ta karye a bishiya. Kai da me ka taɓa ɗaukarta? Da jita?"

"Ba za ka iya da ita ba. Ba ka san yarenta ba. In ta yi waƙar barewa, matarka za ta ɗauka yabo take, ta taya ta tafi, ita kuwa ƙishi na kashe ta."

"Auta za ta biyo mu."

Na dubi Auta. Ta dubi ƙasa.

Wato har da ita. Gida zai rage daga ni sai piyano mai maɓalli ɗaya da ya mutu.

Yaya ya fita da jakar. Na bi shi, ba takalmi, kamar yaron da aka ƙwace wa ƙwallo.

* * *

Ya buɗe but ɗin motar da sukurdireba, don makullinsa ya daɗe da yin ritaya. Ya tura tsohuwar taya gefe, ya ajiye jakar.

"Yaya, ka ba ni sati ɗaya."

"A'a."

"Zan bar kwayar. Gobe a gaban ikilisiya zan ajiye."

"Da ka ajiye tun kafin a haifi Auta da yanzu kana da sana'a."

"Zan koma ɗakin. Ko za ta kwana tana yi mini waƙar, zan zauna in sha."

"Ka sha? Ita fa? Kai kana sha, ita tana zubarwa." Ya buga murfin but, ya ƙi kamawa, ya sake bugawa. "Ka san abin da ya fi ƙona mini rai?"

"Faɗi, Yaya. Yau ranarka ce."

"Ranar da Auta ta fara kirana, tun ƙanwata ba ta yi shiru ba, ta kara mini wayar na ji da kunnena. Na ce ikon Allah. Waƙar da ka sace ƙanwata da ita, da ita take tsine maka. Allah ba azzalumin bawansa ba ne."

"Wace waƙa na sace ta da ita?"

"Kada ka raina mini hankali."

"Wallahi ban gane ba. Waƙar nan Auta na goye na tsara ta. Mun daɗe da aure."

"Kalmomin ka sa mata daga baya. Ina ruwana da kalmomi? Ni muryar nake faɗi. Ko a kabari aka hura mini ita sai na tashi na nemi sanda."

"Yaya..."

"Kullum da yamma, bayan katangarmu, wajen bishiyar nan. Babanmu yana cewa wane irin tsuntsu ne wannan da ba ya kuka sai an gama cin abinci. Ni kuwa na san tsuntsun. Siriri, mai wando ɗaya."

Ya murguɗa baki don ya kwaikwaye ni, don ya wulaƙanta ni. Ya tattara leɓe ya yi fito.

Da sauri ya yi shi, da tsalle-tsalle, kamar ɗan akuya ya ga an buɗe ƙofa.

Jama'a.

Na dafa jikin motar.

Ita ce. Zabura ta hamsin da biyar ce. Hawa ɗaya, sauka ɗaya, har 'yar lanƙwasar nan ta wajen "kai ne". In ka ja ta a hankali, ka sauke ta ƙasa, ka sa mata piyano mai kuka, ita ce waƙar da ta sa rabin ikilisiya share hawaye shekara da shekaru. In ka sake ta ta yi gudu, fiton wani saurayi ne mai wando ɗaya a bayan katanga.

"Sake yi," na ce.

"Ni ɗan kwayarka ne?"

"Don girman Allah, Yaya, sake yi."

Bai sake ba, amma ba na bukata. Komai ya dawo.

Fasto na wancan lokacin ya tare ni ranar Juma'a ya ce yana son Zaburar nan ranar Lahadi, a kanta zai yi wa'azi. Kaina fayau, babu komai. Na zauna gaban piyano, yatsuna suka kama wata murya da kansu, na ja ta, na sa mata baƙin ciki, kalmomin suka zauna daram. Har shaida na bayar a gaban jama'a cewa Ruhu ne ya sauko mini da ita cikin minti kaɗan. Aka yi tafi.

Ashe tela ne ya ɗinka rigar makoki da ragowar yadin angwancinsa, bai sani ba.

Na kuma tuna ranar gwajin farko na waƙar. Ina koya wa kwaya, kowa ya yi tsit, wasu na matse ido, sai Alto ta fashe da dariya a layin baya. Ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Na ɓata rai na ce duk wanda bai zo da natsuwa ba ƙofa a buɗe take. A hanyar gida na tambaye ta mene ne abin dariya a cikin cin amana. Ta ce, "Ba komai, Kwaya-masta. Muryar ta yi kyau. Kamar na taɓa jinta a wani wuri."

Na ce mata ba mamaki, abin Ruhu haka yake, sai ka ji kamar ka san shi.

Ta sake dariya har muka iso gida. Shekarun nan duka ba ta taɓa tona ni ba. Duk ranar da aka rera waƙar a coci, in na juyo wajen 'yan alto, sai in ga tana kallona da wani guntun murmushi. Ni kuwa ina cewa a raina, matar nan ba ta da tsoron Allah.

"Mawaƙi, lafiya? In faɗuwa za ka yi, matsa daga jikin motata."

"Yaya, ka san abin da fiton nan ke nufi?"

"Iskanci yake nufi."

"Sunansa yake nufi. Fito. In na yi, cewa nake ta fito, ga ni na zo."

"To sai me?"

"Ba tsine mini take ba. Kirana take."

Ya yi mini kallon da yake yi wa makanikin da ya ce injin lafiya yake.

"Ta ji ni a falo ina dariya da wata, ita tana kwance ita kaɗai. Ta kira ni da abin da ni da ita kaɗai muka sani. Bakinta ya karkace, ba ta iya fito. Muryar kuma ba ta fitowa sai da kalmomin, don ni na manna su da hannuna, na sa ta maimaita su fiye da shekara ashirin. Tana cewa zo, ni ina jin kai ne. Tana ƙara murya, ni ina ƙara nisa. Har da kwashe bargo."

Muryata ta karye a kan bargo. Duk kalmomin duniya, a kan bargo.

Auta na tsaye a bakin ƙofa da rigar sanyin uwarta a hannu. Ban san tun yaushe take wurin ba.

"Baba, da gaske ne, ko so kake ya zama haka?"

"Tambayi Kawunki."

"Muryar dai ita ce," Yaya ya ce, kamar ana cire masa haƙori. "Amma wannan ba hujja ba ce. Mace tana iya ɗaukar zanen aurenta ta share hawaye da shi. Wa ya ce ba duka biyun take nufi ba? Da wannan ka kira ni, ga abin da ka yi mini."

Ban yi tunanin haka ba. Direban tirela ya fi ni tauhidi. Abin da ya faɗa yana iya zama gaskiya.

"Akwai amsa," na ce.

"Amsar me?"

"Fiton. In na yi, in za ta fito, takan amsa ta taga. 'Yar gajeriyar murya ce, tana hawa sama. Ba ta cikin Zaburar, ban taɓa sa mata kalma ba. In tana fushi da ni kuwa, shiru take yi, in gaji da cizon sauro in tafi."

"Wato ita ce take wannan ƙaramin kukan? Ni da babanmu muna cewa macen tsuntsun ce."

"Ai ita ce."

Ya dubi agogonsa, ya dubi hanya, ya ja tsaki mai tsawon tirela.

"Ji nan. Za mu shiga. Ka yi fitonka. In ta amsa, da hannuna zan sauke jakar nan, in kuma je cocinku gobe in tsaya a gaban matan nan in ce ni ne jaki. In ta yi shiru, ba za ka ƙara ce mini uffan ba. Kai za ka riƙe mata ƙafa mu sa ta a mota."

"Na yarda."

"Baba," Auta ta ce a hankali, "kwana nawa ko barewa ba ta yi ba. In ta yi shiru don gajiya fa?"

"Shiru shiru ne," in ji Yaya.

* * *

Ɗakin yana warin man zafi da sabulun wanki. Rabona da tsayawa a tsakiyarsa har na manta labulen kore ne. Gefena na gadon a gyare yake, an ja zanen ya miƙe, ba ko alamar mutum. Auta ta ce uwarta ba ta yarda a ajiye komai a wurin, ko kofi aka ɗora sai ta ture shi.

Ban san wannan ba sai yau. Wanda ke kwana a falo ba ya sanin labarin ɗaki.

Alto na kwance ta ba mu baya, fuskarta a bango. Ta rame. Kafaɗar da take tokare ni da ita a coci in na yi kuskuren maɓalli ta zama kamar maratayin riga.

"Mama, ga Baba," Auta ta ce.

Ba ta motsa ba. Babu waƙa. Wallahi a lokacin da ta tsine mini da Zaburar ma da na gode.

Yaya ya jingina da ƙofa, makullin mota na lilo a yatsansa.

"Bismillah, tsuntsu."

Na matsa bakin gado. Na lashi leɓe. Na tattara su. Na ja numfashi irin wanda nake koya wa 'yan kwaya, daga ciki, ba daga ƙirji ba.

Na hura.

Iska ce ta fito. Fuuu. Kamar ana huce shayi.

Na sake. Leɓena na rawa, sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na danne su da yatsa, na saki, na hura. Fuuu.

Ni da nake tsayar da mutum arba'in da ɗaga gira. Ni da nake gane wanda ya kauce da rabin murya daga layin baya. Sai yau na koyi abin da ba a koyarwa a kwaya, ba a kuka da fito da baki ɗaya.

Na gwada da murya, la-la-la, da sauri. Abin da ya fito ko akuya ba za ta amsa shi ba. Kafaɗar Alto ba ta motsa ba.

"Baba, ka natsu. Sha ruwa."

Na sha. Ya bi ta wata hanya, na yi tari. Na share fuska da hannun riga, wasu hawayen suka maye gurbi. Na hura. Fuuu.

"To," Yaya ya ce, amma a hankali, ba hon a ciki. "Rana na yi."

"Ba ta yi shiru ba, Yaya. Ni ne ban kira ba."

"Ba laifina ba ne."

"Na sani."

Auta ba ta iya fito ba, tun tana ƙarama uwarta ta hana ta. A duk duniya, mutum biyu ne suka rage da suka san muryar nan da gudunta na asali kuma bakinsu ke aiki. Ɗaya ya lalace.

Na juya. Gwiwoyina da ke ƙara in na hau matakala suka sauka ƙasa da kansu, a gaban mutumin da ya taɓa bi na da sanda har bakin titi.

"Yaya."

"Kai, tashi. Mene ne haka a gaban yarinya?"

"Ara mini bakinka."

"Me?"

"Fuskarta na bango. Ka tsaya a bayana ka yi. Sau ɗaya."

"Ka haukace? Ni zan yi wa ƙanwata fiton zance? Fiton da na yi shekara ina farautar mai shi?"

"Kai kaɗai ka riƙe shi daidai. Ni da na yi shi ma na manta."

"Kuma in ta amsa, na yi wa kaina asara. Da bakina."

"E, Yaya."



Yaya ya dubi bayan ƙanwarsa. Ya daɗe yana kallo. Ya dubi gefen gadon da ba kowa. Ya dube ni a ƙasa, tumbi da sanƙo da majina.

"Allah ya isa tsakanina da mawaƙa," ya ce.

Ya jefa makullin a aljihu. Ya tako ya tsaya a bayana, har ina jin gwiwarsa a kafaɗata.

Ya lashi leɓe, ya ja numfashi.